Daga Dije Zuwa Khadeejarh: Tsokaci Kan Yadda Muke Rubuta Sunayen Mata

Kwanakin baya mun halarci raɗin suna a gidan wani ɗan'uwa marubuci, a wata unguwa da ke gindin Dutsen Dala. Bayan an idar da sallar asuba aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, aka raba goro da dabino, mahaifin jaririya ya matsa kusa da liman ya yi masa raɗa a kunne. Liman ya yi addu'a, ya ce an sa wa yarinya Khadijatu. Sanƙira ya miƙe ya ɗaga murya yadda na cikin gida za su ji, ya ce sunan yarinya Hadizatu. Daga ciki muka jiyo guɗa, sannan muryar wata tsohuwa tana cewa, "Dije ta dawo!" domin kuwa sunan kakar maigidan aka mayar. Har zuwa nan babu wanda ya ga wani saɓani, kowa ya san suna ɗaya ake nufi. Da yamma, bayan mata sun watse daga wunin suna, sai iyalanmu suka dawo da 'yan robobi da kalandar rabo. An buga hoton jaririya, a ƙarƙashinsa kuma an rubuta KHADEEJARH da manyan baƙaƙe.

Da muka haɗu da angon ƙarni a zaman karatu na ƙungiya, sai muka tambaye shi inda ya samo wannan rubutu. Ya yi murmushi ya ce ai haka ya rubuta sunan tauraruwar littafin da yake kan rubutawa, uwar jaririya ta leƙa ta gani, ta ce ya burge ta, shi ke nan aka kai wa mai buga kalanda. Wannan amsa tasa ita ce dalilin wannan tsokaci. Da a ce al'amarin ya tsaya a gida ɗaya, da ba mu ɗauki alƙalami ba, domin kowane uba yana da ikon 'yarsa. To amma duk wanda yake duba rubuce-rubucen da matasa ke kawo mana domin gyara, ko yake bin labaran da ake yaɗawa ta wayar hannu, ya san cewa yanzu da wuya a sami tauraruwa mai suna A'isha ko Fatima ko Halima. Sai dai Ayeesha, da Fateemah, da Haleemarh, da Zaynerb, da Ruqayyarh, har da Pherty da Xee. Tun da kuwa abin da aka rubuta a littafi yana iya tsallakowa ya hau kan jaririya 'yar kwana bakwai, ashe magana ta zama tamu, mu marubuta.

Yadda Bahaushe Ya Karɓi Waɗannan Sunaye

Kafin mu yanke hukunci, ya kamata mu waiwaya mu ga yadda sunayen nan suka zauna a bakin mutanenmu. Littafin Tarihin Kano ya nuna cewa Wangarawa sun iso da Musulunci a zamanin Sarki Yaji, wanda ya yi mulki daga 1349 zuwa 1385, kuma har gobe unguwar Madabo da ke nan kusa da Dala ana danganta ta da waɗannan malamai. Tun daga wancan lokaci sunayen Larabci suke shiga gidajen Kanawa, amma ba su shiga yadda suka zo ba. Mahaifiyar Sarki Abdullahi ɗan Muhammadu Rumfa, wadda ta yi ƙarfin faɗa-a-ji a fada wajen shekarar 1500, tarihi ya riƙe ta da sunan Madaki Auwa. Auwa kuwa ai Hauwa'u ce, harshen Kanawan wancan zamani ya goge ta ta yi daidai da bakinsa.

Wannan gogewa tana da ƙa'ida, ba da ka aka yi ta ba. Bahaushe ba shi da harafin kha na Larabci, don haka ya mayar da shi ha. Ta haka aka sami Alhamis da haraji da hatimi, ta haka kuma aka sami Hadiza. Harafin ɗa mai hannu na cikin sunan 'yar Manzon Allah (SAW) ya koma ɗ kamar yadda ya koma a ɗalibi da ɗahara, sai aka sami Faɗimatu, a wasu wurare kuma Fatsima. Sannan Bahaushe yana son kalma ta ƙare da wasali, malamansa kuma suna karanta suna da cikakken li'irabinsa, shi ya sa muke da Aminatu da Halimatu da Hafsatu da Zainabu da Asma'u. Daga nan gida ya karɓa ya gutsure yadda zai ji daɗin kira: Khadija ta zama Dije, A'isha ta zama A'i ko Shatu ko Indo, Zainabu ta zama Abu, Maryam ta zama Mairo, Hauwa'u ta zama Kulu, Hafsatu ta zama Hansai, Rabi'atu ta zama Rabi. A gefe guda ga sunayen rana, irin su Ladi da Talatu da Balaraba da Lami da Jummai da Asabe, ga na yanayin haihuwa irin su Azumi da Marka da Kande da Auta, ga kuma na alkunya irin su Uwani da Ummi da Iya, waɗanda ake ɓoye sunan mahaifiya ko suruka a bayansu.

Abin lura shi ne, duk wannan yalwa a baki take. A makarantar allo ko a zaure, idan malami zai rubuta sunan yarinya, da haruffan Larabci yake rubuta shi kamar yadda yake a littafi, babu gardama. Matsalar yadda za a rubuta suna ta zo ne tare da boko.

Abin Da Ƙa'idar Boko Ta Ce

Shi ma rubutun boko a nan Kano aka fara ɗora masa ƙa'ida ta hukuma. Hanns Vischer, wanda Kanawa suka laƙaba wa Ɗan Hausa, ya buɗe makarantarsa a Nasarawa a 1909, ya kuma fitar da dokokin rubutun Hausa a 1912. A shekarun 1930, ƙarƙashin Hukumar Talifi ta Zariya, haruffa masu ƙugiya, wato ɓ da ɗ da ƙ, suka zauna, jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo kuma ta yaɗa su tun daga 1939. An kafa Hukumar Harshen Hausa a 1955, an yi taro a Bamako a 1966, an sake yin wani a Yamai a 1980 domin daidaita rubutun Nijeriya da na Nijar. Abin da aka tsaya a kai, wanda ake koya wa yara a firamare, shi ne wasulan Hausa biyar ne, kowanne da muryarsa ɗaya, kuma a rubutun yau da kullum ba a nuna tsawon wasali.

Wannan ƙa'ida ita ce ke hannun mai karatunmu. Idan ya ga e zai karanta ta kamar yadda take a gero da lemo. Saboda haka idan muka rubuta masa Haleema, abin da muka ce ya faɗa shi ne Halema. Idan muka rubuta Maimoona, mun ce ya faɗi Maimona. Ko masana kimiyyar harshe, waɗanda suke ninka wasali domin nuna tsawonsa, Haliima za su rubuta da i biyu, ba da e biyu ba. Ninka e a karanta ta i, da ninka o a karanta ta u, dokar Turanci ce. Haka nan r da ake cusawa a Khadeejarh da Zaynerb, an aro ta ne daga Turancin Ingila inda ake rubuta r ba a furta ta. Bahaushe kuwa ba ya da harafin da yake rubutawa ya ƙi faɗa. Ph da ke Pherty da x da ke Xee ba su ma cikin abacadar Hausa. A taƙaice, marubucin da ya yi haka ya shimfiɗa littafinsa da dokar Hausa, da ya zo kan sunan tauraruwarsa sai ya sauya sheƙa zuwa dokar wani harshe ba tare da ya sanar da mai karatu ba.

Hujjojin Masu Wannan Salo

Ba za mu yi wa 'yan'uwanmu adalci ba idan ba mu saurari hujjarsu ba, kuma mun tattauna da da yawa daga cikinsu.

Hujja ta farko ita ce, wai wannan rubutu ya fi kusa da Larabci, Hadiza da Dije kuwa gurɓata sunan Uwar Muminai ne. Niyyar tana da kyau, kuma gaskiya ne wanda ya saba da littattafan addini na Turanci zai karanta Khadeejah da Haleemah daidai, domin i ɗin da ke cikinsu mai tsawo ce a Larabci. To amma mu duba sauran. A sunan Fatima, wasalin farko ne mai tsawo, na tsakiya gajere ne. Wanda ya rubuta Fateema ya ja inda Balarabe ya gajarta. A sunan A'isha ma haka ne, ja yana kan harafin farko, babu wata ya a tsakiya, don haka Ayeesha ta fi A'isha nisa da asali. Na Amina ya fi ban mamaki. Sunaye biyu ne a Larabci: akwai mai ja a farko, shi ne sunan mahaifiyar Annabi (SAW), akwai kuma mai ja a tsakiya, ma'anarsa amintacciya. Uban da ya yi niyyar na farko, ya rubuta Ameenah, ya tabbatar wa 'yarsa na biyu a takarda bai sani ba. Sannan ga h da ake liƙa wa kowane suna a ƙarshe. Asalinta ta marbuɗa ce, wadda ake furtawa kamar ha idan an tsaya, kamar a Khadija da Halima. Amma Hauwa'u da Asma'u da Zahra'u da hamza suka ƙare, Salma da Laila da Bushra kuwa da alifi maƙsura. Mai rubuta Hauwah da Salmah ya ƙara wa Larabci harafin da babu shi. Ashe ba Larabci ake bi ba, kamanninsa ake bi.

Hujja ta biyu ta fi ƙarfi, kuma mun yarda da rabinta. Sun ce boko yana da giɓi. Alal misali, Asiya matar Fir'auna, wadda ake sa wa 'ya'ya sunanta domin neman albarka, da wata kalmar Larabci mai nufin mai saɓo, duk Asiya za a rubuta su a boko. Ya kuwa tabbata cewa Manzon Allah (SAW) ya sauya wa wata mai wannan suna na biyu ya mayar da ita Jamila. Wanda ya ji tsoron wannan ruɗani ya rubuta Aasiya, ba za mu ce ba shi da dalili ba. Sai dai giɓin nan bai tsaya ga sunaye ba. Da baƙaƙe iri ɗaya muke rubuta gari na zama da gari na tuwo, da fari na launi da fari na rashin ruwa, kuma ba mu taɓa jin wanda ya tuƙa tuwo da birni ba. Mahallin magana shi ke warwarewa, kuma babu Bahaushen da zai ji an sa wa jaririya Asiya ya zaci mai saɓo ake nufi.

Hujja ta uku ita ce ta gaskiya, ita ce kuma ba a cika faɗa ba. Ado ake nema, da bambanta kai. A aji ɗaya za a iya samun A'isha biyar, kowace uwa kuwa tana son tata ta fita daban. A nan ma ba mu ce neman sabon abu laifi ne ba. Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wadda aka haifa a 1793, tagwai ce, ɗan'uwanta Hassan ne, bisa al'ada kuwa da Hussaina za a kira ta. Mahaifinta ya bar al'ada ya zaɓa mata Asma'u, sunan 'yar Sayyidina Abubakar. Wannan sauyi ne mai ma'ana, wanda kunne yake ji, zuciya ta san dalilinsa. Khadeejarh kuwa idan aka kira ta a tsakar gida babu abin da ya bambanta ta da Khadija ta maƙwabta. Bambancin yana kan takarda kawai, kuma a kan takardar ne zai ba ta wahala, kamar yadda za mu gani.

Yana da kyau mu leƙa maƙwabta. A Maraɗi da Damagaram ana rubuta Aïchatou da Zeinabou da Haoua, saboda makarantarsu da dokar Faransanci ta zo. Musulmin ƙasar Yarbawa suna rubuta Aishat da Kadijat. Turkawa, waɗanda suka koma haruffan Rumawa a 1928, suna rubuta Ayşe da Hatice da Zeynep. Kowace al'umma ta ɗinka wa sunan riga da ƙa'ida ɗaya wadda 'ya'yanta suka sani, ba ta kuma jin kunyarta. Mu ne muke da riga tamu, ɗinkin sama da shekara ɗari, muka ajiye muka ɗauko ta aro. Masu iya magana kuwa sun ce kayan aro ba ya rufe katara.

Aikin Suna A Cikin Labari

Yanzu bari mu zo inda abin ya fi shafarmu. Hausawa sun ce suna linzami ne. A ƙagaggen labari wannan magana ta fi tabbata, domin marubuci shi ne uba, shi ne liman, shi ne sanƙira, kuma tun kafin tauraruwa ta buɗe baki sunanta ya riga ya gaya wa mai karatu shekarunta da garinsu da irin gidan da ta fito.

Magabatanmu sun san haka. A Jiki Magayi na John Tafida da Rupert East, wanda ya fito a tsakiyar shekarun 1930, yarinyar da Abubakar yake so, mai kuɗi ya ƙwace, Zainabu ce, da u ɗinta, kamar yadda mutanen zamaninta suke kira. A So Aljannar Duniya na Hafsat Abdulwaheed, wanda aka buga a 1980, sunan Boɗaɗo kaɗai ya isa ya sanar da mu 'yar Fulani ce, idan kuma aka jera shi da na masoyinta Yasir, an riga an ga tazarar da labarin zai yi fama da ita.

Marubutan da aka yi ta muhawara a kansu a shekarun 1990, waɗanda Ibrahim Malumfashi ya kira ayyukansu Adabin Kasuwar Kano a 1994, an zarge su da karya ƙa'idojin rubutu, zargin kuma yana da tushe. Ko sunan littafin Balaraba Ramat Yakubu na 1990 an buga shi Alhaki Kuykuyo Ne, alhali kwikwiyo ƙa'ida ta sani. Amma a wajen raɗa suna kunnensu a buɗe yake. A wannan littafi uwargidan da aka wulaƙanta Rabi ce, 'yarta mai natsuwa Saudatu, matar da ta shigo ta wargaza gidan kuwa Delu. Ko ba a faɗa ba, mai karatu ya ji cewa waɗannan mata uku ba tashi ɗaya suka yi ba. A Wa Zai Auri Jahila? kuwa, yarinyar da aka cire daga makaranta aka aurar wa Sarkin Noma sunanta na yanka Zainab, amma Abu ake kiran ta. Tazarar da ke tsakanin Abu ta ƙauye da Zainab da ta yi karatu a birni ta zama ma'aikaciyar jinya, ita ce labarin gaba ɗaya. Marubuciyar ba ta ƙirƙiro wani baƙon rubutu ba, abin da harshe ya riga ya tanada ta ɗauka ta yi aiki da shi. Haka Ado Ahmad Gidan Dabino a In Da So Da Ƙauna na 1991 ya kira 'yar masu kuɗin da ta nace wa talaka Sumayya, suna mai ƙamshin zamani a lokacin, wanda kuma yake tuna wa mai karatu sahabiyar da ta jure azaba a kan abin da zuciyarta ta riƙe. An rubuta shi yadda kowa zai karanta ba tuntuɓe.

Kurakuran wancan zamani na rashin edita ne da gaggawar maɗaba'a. Na yanzu kuwa da gangan ake yi, shi ya sa ya fi buƙatar magana. A wani rubutu da aka kawo mana kwanan nan, 'yar minista Ayeesha ce, mai aikin gidansu da aka ɗauko daga ƙauye Haleemarh, kakar da ke jan carbi a ɗaki kuwa Hajiya Fateemah. Ina Indo? Ina Delu? Ina Iya? Duk matan littafin an shafa musu hoda iri ɗaya, har ba a gane tsohuwa da yarinya, ba a gane 'yar Nasarawa da 'yar Gwammaja. Marubucin yana zaton ya ƙawata littafinsa, alhali ya zubar da makami mafi araha da harshe ya ba shi kyauta. Ga shi kuma da yawa daga masu bin labaranmu da kunne suke bi, ko dai wata ta karanta wa 'yan'uwanta a tsakar gida, ko a rediyo, ko a waya. Mai karantawa a bayyane idan ta iso kan Zaynerb dole ta yi ɗayan biyu: ko ta faɗe shi yadda aka rubuta a yi dariya a wurin da marubuci ya so a yi kuka, ko ta gyara ta ce Zainab, adon ya tashi a banza.

Wanda Zai Biya Kuɗin Adon

Tauraruwar littafi ba ta zuwa neman fasfo. Jaririya kuwa za ta girma ta je. A yau sunan mutum yana zaune a takardar haihuwa, da rajistar makaranta, da takardar jarrabawa, da banki, da lambar shaidar ɗan ƙasa ta NIN, wadda tun daga 2021 sai da ita ake rajistar jarrabawar JAMB. Kwamfuta ba ta san cewa Dije da Hadiza da Khadija mutum ɗaya ba ce, harafi take ƙirgawa. Mun san wata yarinya a nan Dala wadda takardar haihuwarta ta ce Aishat, ta firamare ta ce A'isha, ita kuma da ta zama budurwa ta cike takardar jarrabawa da Ayeesha domin haka take sa hannu a wasiƙun ƙawaye. Da lokacin shiga jami'a ya yi, sai da mahaifinta, mai ɗinkin hula, ya yi ta zarya tsakanin kotu domin takardar rantsuwa da ofishin jarida domin sanarwar gyaran suna, kafin a gama kuma an rufe ɗaukar ɗalibai na wannan shekara. Suna irin Khadeejarh kuwa, wanda babu malamin makaranta ko akawun asibiti da zai rubuta shi daidai daga ji, kowane teburi ta je sai an sake masa kama.

Mun sani cewa ƙa'idar Hausa ma tana gamuwa da cikas a nan, domin akwai takardun da ake cikewa a kwamfuta waɗanda ba su karɓar alamar hamza ko harafi mai ƙugiya, sai A'isha ta koma Aisha, Ruƙayya ta koma Rukayya. Wannan asara ce ƙarama, kuma kowa zai karanta daidai. Abin da ya wajaba ga uba shi ne ya zaɓi siga ɗaya mai sauƙi tun ranar suna, ya tsare ta a kowace takarda.

Shawara Ga 'Yan'uwa Marubuta

Ba muna kira a kafa doka ba ne, ƙungiya ba kotu ba ce. Ba kuma muna cewa kada Khadeejarh ta taɓa shiga littafi ba. Tana raye a cikinmu, adabi kuwa madubi ne. Idan labarinka yana da budurwar da kakarta ke kira Dije, malaminta na Islamiyya yana kiran ta Khadija, ita kuma ta rubuta Khadeejarh a wayarta, to ka sa duka ukun, kowanne a bakin mai shi. A nan rubutun ya yi aiki, ya nuna mana yarinya mai neman wata kama da ba ta gida ba, mai karatu zai yi murmushi ko ya tausaya. Sharaɗin shi ne ita ta rubuta haka, kai mai ba da labari ka tsaya a kan ƙa'ida. Abin da muke ƙi shi ne marubuci ya ɗauki kwalliyar tauraruwarsa ya shafa wa kansa, har ya kasa ganin ta.

Saboda haka kafin ka raɗa wa tauraruwa suna, ɗan'uwa, ka tambayi kanka shekarar da aka haife ta, da unguwarsu, da wanda aka mayar, da yadda uwarta ke kiran ta idan sunan surukarta ne. Ka ba wani yaro ɗan aji huɗu na firamare ya karanta maka sunan a bayyane, in ya yi tuntuɓe ka sake dubawa. In kana son kusantar Larabci, ka je zaure ka tambayi malami inda ja yake da inda babu, kada ka dogara da abin da ka gani a kalanda. Masu gyaran rubutu na ƙungiya su ma ya kamata su riƙa duba sunaye kamar yadda suke duba rabewar kalma da haɗewarta. Gyara kayanka dai ba ya zama sauke mu raba.

Shi kuwa ɗan'uwanmu angon ƙarni, mun yi wannan magana da shi baki da baki kafin mu kawo ta nan, da izininsa kuma muka kawo. Ya ce zai sake duba littafinsa, amma kalanda ta riga ta shiga gidaje. Muka ce kalanda shekara ɗaya take yi a bango, takardar haihuwa ce ba a sake wa shafi, kuma har yanzu bai je ya karɓo ba. Ita dai kakar tun ranar ba ta fasa cewa Dije ba. Allah Ya raya ta, Ya sa ta gaji mai sunan, mu kuma Ya ba mu ikon riƙe amanar harshen da muke rubutu da shi, amin.